Wane Gishiri?

Ni na fara ganin ɓarnar, domin ɗakinmu a cikin lambun yake. Na fito da safe da goyo a baya zan ɗebo ruwa, sai na tarar tumatirin da aka dasa a fangalin farko ya kwanta, bakin ganyensa ya ƙone kamar an gifta masa wuta. Dama kwana biyu muna ganin shukar tana yaushi, muna cewa zafin rana ne. Na durƙusa na taɓa ƙasar, na ji ta da danshi. Na bi fangalan ɗaya bayan ɗaya har bakin rijiya. Latas, kabeji, albasa, duk inda aka zuba sabon takinmu shukar ta mutu a tsaye. Inda ba a zuba ba kuwa kore shar.

Lambun na ƙungiya ne, kowa da fangalansa. Maigidana shi ne mai haɗa taki, shi ne kuma mai gadi, saboda haka ake ce masa Mai Haɗi. A bakin aikin nan aka ba mu ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida a gefen sito. A nan na haifi ’yata, a nan na haifi na bayana, ba mu kuma da wani wurin da ya wuce shi. Takin da yake haɗawa na gida ne: kashin kaji, garin katako, ɓuntun shinkafa, toka, da dattin tumbi daga mayanka. A bana an kai samfurinsa ɗakin awo na makarantar noma, don wasu masu sarin kayan lambu sun ce za su riƙa ɗauka a wurinmu idan aka tabbatar babu haɗin takin zamani a ciki.

Kafin rana ta take, ’yan ƙungiya sun cika gindin bishiyar da muke taro. Shugaba, wanda duk muke kira Baba, ya iso a ƙarshe. Nasa fangalan ma sun ƙone, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Ya ce jiya malamar da ke ɗakin awon ta kira shi a waya, ta ce gishiri ya yi wa takin yawa.

A bakin manomi, in aka ce gishiri, farin takin zamanin nan na buhu ake nufi, wanda in ya yi yawa yake ƙone shuka. Buhu ɗaya muke da shi a sito, ragowar na bara, mabuɗin siton kuwa yana aljihun maigidana. Aka buɗe, aka tarar buhun ya koma rabi. Maigidana ya ce rufin ne ke yoyo, ruwa ya narkar da shi. Wani ya yi dariya ya ce ruwan ya san hanya, tunda har tulin taki ya raka shi. Wata ta ce dama Mai Haɗi yana son a ce takinsa ya fi na kowa ƙarfi in an auna, ga shi ya ƙarfafa shi har ya kashe mu.

Baba Shugaba ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce ba ya son a kai maganar wurin hukuma, yaro ne, ya yi kuskure. Amma ranar taron ƙarshen mako za a karɓi mabuɗi, mu kuma mu nemi inda za mu koma.

Da yamma ’yata ta dawo daga bakin rijiya tana kuka. Yaran da suke wasa tare sun kore ta, sun ce babanta mai guba ne. Ta tambaye ni mene ne guba. Na wanke mata fuska, na ba ta abinci, na jira ta yi barci, sannan na tambayi ubanta ido cikin ido ko ya zuba. Ya ce bai zuba ba. Na ce to shi ke nan, gobe zan je wurin Kawu.

*

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Shekarunsa na ƙarfi duk a bin sawun shanun sata ya ƙarar da su, har sunansa ya ɓace, kowa Mai Sawu yake ce masa. Yanzu gwiwa ta hana shi dogon daji, yana zaune a ƙofar gidansa yana tufka igiya. Ya saurare ni har na gama bai ɗago ba. Da ya ɗago, ’yata ya fara tsokana, ya ce matarsa ta zo ba ta kawo masa ko ruwa ba, lalle zai sake ta. Sannan ya juyo kaina.

“Ɗiyata, ni shanu nake bi, ba taki ba.”

Na ce takin ma ba da fiffike ya zo ba, wani ne ya taka ƙasa ya kawo abin da aka zuba.

Ya ajiye igiyar. “Zan je. Amma ki sani, in sawun ya tsaya a ƙofar ɗakinki, a gaban jama’a zan faɗa.”

Na ce na yarda.

*

Tulin takin yana can ƙarshen lambun, kusa da shingen waya na baya. Rabinsa an riga an tankaɗe an ɗura a buhuna an raba, rabin yana nan. Kawu ya tsaya yana kallon ƙasar gabansa yana girgiza kai. Tun jiya mutane ke zuwa kallo, sun tattake komai. Ya ce ko giwa ce ta wuce ta nan, da yanzu sawunta ya zama na ɗan tsako.

Ya sa maigidana ya buɗe sito. Ya ja buhun gefe, ya nuna mana farin ɓawon da ya daskare a kan siminti, ya ɗaga sandarsa ya nuna hujin kwano a daidai saitinsa. Ya ce yoyon gaskiya ne, amma yoyo ba ya rantsuwa cewa shi kaɗai ya ci rabin buhu. Ya tambayi maigidana wa takin gida yake tsone wa ido. Ni na amsa, na ce Mai Shago.

Mai Shago takin zamani yake sayarwa a bakin titi, tun da muka fara haɗa namu kuwa ba ya amsa gaisuwarmu da daɗi. Muka same shi yana kore ƙuda daga kan sikeli. Da ya gane abin da ya kawo mu sai ya tuntsire da dariya. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, bai taɓa ba wa ko surukinsa mudu ɗaya kyauta ba, balle ya kwashi kayansa ya je ya zuba wa abokan hamayya. Ya ce kuma in da gaske farin taki aka tula a tulin, da warin fitsari ya hana mu barci, mu koma mu shinshina. Kawu ya saya wa ’yata alewa a shagon kusa, muka juyo. A hanya ya ce mutumin nan bakinsa ba daɗi, amma maganar wari da ya yi abin dubawa ce.

Muka koma. Kawu ya tona tulin da sanda ya kai hanci. Warin ruɓaɓɓen ganye ne kawai da ɗan ƙarni. Wannan karon bai tsaya a gaba ba, ya zagaya ta bayan tulin, inda ba mai bi saboda ƙaya. Na ga ya tsaya cak, ya durƙusa a kan gwiwar da yake kuka da ita.

Ƙasar wurin cike take da sawun kofato. A gindin tulin kuma akwai ’yan ramuka masu santsi, kamar an kwarfe da cokali. Ya tambaye ni ko awaki na shigowa. Na ce awakin unguwa ne, ta inda wayar ta kwanta suke ratsowa. Na ce da can kan latas suke nufa, amma ’yan kwanakin nan na gaji da korarsu daga nan, har na ce wa Baban yara ko sun haukace, suna barin ganye suna cin taki.

“Ba ci suke ba,” in ji Kawu. “Lasa suke.”

Ya ce ya taɓa ganin shanu sun fasa buhun farin taki sun lashe, kafin a ankara cikinsu ya kumbura sun zube. Da shi awakin nan suke lasa tun kwanaki, da yanzu unguwar nan ana ta fiɗa. Ya gutsuri ƙasar ramin ya ɗora a harshe, ya tofar, ya kalle ni.

“Wane gishiri malamar ta ce?”

Ba wanda ya yi wannan tambayar a gindin bishiya. Ni ma ban yi ba.

*

Washegari na bar ’yata wurin ubanta, na goya ƙaramin, muka shiga mota ni da Kawu zuwa makarantar noma. Ɗakin awon sanyi ƙalau, kwalabe jere a kan kanta, ga wata na’ura tana ƙugi a lungu. Malamar ba ta girme ni sosai ba. Ta ba Kawu kujera, ta karɓi yaron ta yi masa wasa, sannan ta ji abin da ya kawo mu. Tana jin an ce farin taki sai ta daina murmushi.

Ta ce tun farkon shekara ta auna kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, kashin kajin, tokar, ɓuntun, dattin tumbin, kowanne lafiya lau. Ta ce abin da farin taki yake ƙara wa ƙasa, wanda suke kira naitirojin, a takinmu daidai yake, bai hau ba ko kaɗan, saboda haka ba wanda ya zuba na buhu. Ta ɗauko ragowar samfurinmu ta jiƙa a kofin gilashi, ta tace, ta ɗiga wani ruwa daga ’yar kwalba mai duhu. Nan take ruwan ya yi fari kamar an zuba madara. Ta ce wannan alamar gishirin da muke ci ce. In ya yi yawa a ƙasa, saiwa ba ta iya jan ruwa, shuka sai ta mutu da ƙishi alhali ƙafarta a cikin danshi.

Na tambaye ta me ta gaya wa Shugaba.

“Na ce masa gishirin miya. Na san yadda manoma ke kiran na buhu, shi ya sa na maimaita masa: Baba, na miya nake nufi, ba na gona ba.”

Na zabura zan yi magana. Kawu ya taɓa ni da sanda, ya ce kada in yi gaggawa, kunnen tsoho a waya ba abin kafa hujja ba ne. Ya tambayi malamar ko kwalabenta za su iya faɗin daga inda gishirin ya fito. Ta ce iyakar abin da za ta iya cewa shi ne ba mai tsabta ba ne, akwai alamar kitse da jini tare da shi. Daga nan kuma sai dai shi. Kawu ya ce to an raba aiki. Na roƙe ta ta zo taronmu da ’yar kwalbar nan. Ta ce sakamakonta ne aka juya aka kori mutum da shi, ko ban roƙa ba za ta zo.

*

Muna fitowa Kawu ya ce ya gane mai laifin: Mai Kura. Shi ke turo mana dattin tumbi a kurarsa ta hannu daga mayanka kullum, a jikin mayankar kuma akwai rumfar da ake barbaɗa wa fatu gishiri don kada su ruɓe. Jini, kitse, gishiri, me ya rage?

Da muka je wurinsa, Mai Kura bai ji daɗin tambayar ba. Ya ce shi talaka ne, shi ya sa duk abin da ya yi wari sai a nemo shi. Ya ce ta babbar ƙofa yake shiga, Mai Haɗi ke sauke masa kaya da shebur, in da gishiri a ciki ai a idonsa za a gani. Ya ce Kawu ya tsufa, ya koma tufkar igiyarsa. Kawu ya haɗiye, muka juyo.

Da muka dawo lambu na ce masa, Kawu, in ta babbar ƙofa aka shigo da shi, me ya sa awaki ba sa lasar gaban tulin sai bayansa? Ya kalle ni ya ce uwata ma haka take, ba ta barin mutum ya yi kuskurensa cikin kwanciyar hankali.

Muka ƙetare wayar da ta kwanta. Bayan shingen wata ’yar hanya ce ta ƙafa, tsakanin katangar injin katako da magudanar ruwa. Ƙasar ta yi tauri, ba ta riƙe sawun komai. Amma ba mu yi nisa ba Kawu ya nuna da sanda: rami mai santsi, irin na gindin tulin. Can gaba wani. Can gaba kuma wani, duk a tsakiyar hanyar, a layi ɗaya. Ya ce abin da aka ɗauko gishirin a ciki yana ɗiga, duk inda ya ɗiga awaki sun bi sun lashe har da ƙasar. Wanda ya wuce bai bar sawu ba, awaki suka bar masa.

Muka bi ramukan, yaron yana barci a bayana, rana tana dukan mu. Inda suka ɓace a kan kwalta, Kawu ya tsallaka ya yi ta zagaye har ya sake samo su. Suka kai mu bayan mayanka, ƙofar rumfar Mai Fata.

Mai Fata na tsaye cikin ƙuda yana shimfiɗa ƙirgi, ɗanyar fatar saniya. Ya ce gishirin da ya gama aiki, wanda ya yi ja da jini da gashi, a bayan rumfa yake tarawa. Duba-gari sun hana shi zubawa a magudana, ya rasa yadda zai yi da shi. Sai kwanakin baya ya lura tarin yana raguwa, duk safiya in ya zo. Ya ce wanda aka ɗauke wa kaya daga ka ba ya tambayar sunan mai ɗaukewa. Ya rantse bai ga kowa ba.

Ƙasar bayan rumfar kullum a jiƙe take saboda gishiri, a nan ne kaɗai aka sami sawu. Kawu ya daɗe a durƙushe. Taya ɗaya ce, da alamun ƙafafu biyu na ƙarfe inda aka jingine. Kurar Mai Kura taya biyu gare ta.

“Baro ne,” in ji shi. “Zan nemi afuwar Mai Kura, mai bakin nan.”

Na ce masa a lambunmu akwai doka: baro na kayan lambu ne da jarkokin ruwa, ba a taɓa ɗora masa taki, a buhu ake ɗaukar taki. Baba Shugaba da kansa ya kafa ta, don kada abin da mutane za su ci ya haɗu da ƙazanta. Kawu ya miƙe a hankali yana dafa sanda. Ya tambaya ko mu ma muna da baro. Na ce muna da shi. Ya ce to har da namu za a fito.

*

Ranar taro kowa ya zo, har Mai Shago da Mai Kura da Mai Fata, don Kawu ya aika musu. Malamar awo ta zauna a kan benci da jakarta a cinya. Baba Shugaba da ya gan ta ya yi mata sannu da zuwa. Ya ce shi bai san an gayyato baƙi ba, kuma kowa ya san Mai Sawu kawun matar ne, me zai faɗa in ba abin da zai wanke surukinsa ba?

Kawu ya ce gaskiya ne, shi ya sa ba shi zai ba da shaida ba. Ya fara da neman afuwar Mai Kura a gaban kowa. Mai Kura ya ce ya yafe, amma a rubuta a goshin tsoho. Aka ɗan yi dariya. Sannan malamar ta tashi ta faɗi abin da ta gaya mana, ta ce babu farin taki a ciki, gishirin miya ne, kuma haka ta faɗa a waya. Mutane suka fara kallon juna. Baba Shugaba ya ce layin ba kyau ranar, shi gishiri kawai ya ji.

Kawu ya ce ba komai, kunne yakan yi haka. Ya roƙi kowa ya turo baronsa a jera a fili. Aka jera, namu a farko. Ya sa aka ɗaga wayar baya, aka kaɗo awakin unguwa, ya ce kowa ya ja da baya ya yi shiru.

Wata jar akuya ta nufi baronmu kai tsaye. Na riƙe hannun ’yata har ta ce ina matse ta. Akuyar ta shinshina, ta sa kai ciki, ta ɗauke wani busasshen ganyen kabeji, ta wuce. Sauran suka bi layin suna shinshine-shinshine. Can wajen ƙarshe wani bunsuru ya tsaya a wani koren baro da aka wanke tas, ya sa harshe a haɗin ƙarfen ƙasansa. Kafin ka ce kwabo duk sun rufe shi, suna ture juna, suna lasar gindin, da ƙafafun, da wurin taya.

Ba wanda ya tambayi baron wa ne. Duk mun san na Baba Shugaba ne.

Malamar ta kore su, ta zuba ruwa a baron, ta tari abin da ya ɗigo ta wani ɗan huji a ƙasa, ta ɗiga maganinta. Ya yi fari. Ta yi wa namu haka, ruwan ya tsaya garau. Kawu ya sa farce a haɗin ƙarfen koren baron ya zaro gashin saniya, ya miƙa wa Mai Fata. Mai Fata ya ce ba sai an tambaye shi ba.

Baba Shugaba ya zauna a kan tushen bishiya. Da ya yi magana, ƙasa yake kallo. Ya ce tun da aka ce za a auna takin yake fargabar kada a ce ba shi da ƙarfi, masu sari su tafi wani wuri. Ya ga gishirin nan a yashe, ga jini ga kitse, ya ce a ransa ai gishiri gishiri ne, tunda na buhu yana sa shuka ta yi kore, wannan ma zai yi, kuma ba wanda zai ce takin zamani ne. Da asuba yake turowa ta baya ya tona ya binne. Har a nasa fangalan ya zuba, da zuciya ɗaya. Sai da malamar ta kira shi ya gane abin da ya aikata.

Wasu suka fara hayaniya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban taɓa magana a taron nan ba, amma ranar na yi.

“Baba, zuba gishirin ban riƙe ka da shi ba, alheri ka nufa. Amma an ce maka gishirin miya. Ka zo nan ka faɗi gishiri, ka haɗiye miya. Ka san inda idon kowa zai tafi. A kan kalma ɗayan nan za ka fitar da ni da yara biyu titi.”

Ya ce ya yi niyyar in ƙura ta lafa ya nema wa Mai Haɗi wani aikin.

Na ce, “Ita kuma wannan da aka ce wa ’yar mai guba, wane aikin za ka nema mata?”



Ƙungiya ta yanke hukuncinta a wurin. Aka sauke shi daga shugabanci, aka ce shi zai kwashe ragowar tulin ya kai inda duba-gari suka yarda. Malamar ta ce fangalan ba su mutu ba, a yi ta kwarara musu ruwa ana buɗe masa hanya ya fice, gishirin zai bi shi, ita kuma za ta dawo ta sake aunawa kafin a yi sabon dashe. Ta ce daga yau ba abin da zai shiga tuli sai ta gan shi, kuma sakamako a gaban taro za ta riƙa faɗa da bakinta. Mutane suka riƙa zuwa wurin maigidana ɗaya ɗaya suna ba shi hannu. Matar da ta ce ya kashe su ta zo ta tsaya, ta kalli goyona, ta ce yaron nan ya yi ƙiba. Kawu ya ƙi tsayawa cin abinci, ya ce gwiwarsa ta ci bashin da sai ya kwanta zai biya.

*

Da la’asar na shiga ɗaki na tarar Baban yara ya naɗe katifa yana ɗaure ta da igiya. Ya sauke labule, ya tara tukwane a kwando. Ya ce shi ba zai iya zama ba. Mutanen da ya yi shekaru yana juya musu kashin kaji da hannunsa, ba ɗaya da ya ce a tsaya a bincika. Ya ce gara mu tafi da mutuncinmu, ko ɗakin haya ne a bayan kasuwa.

Na san ciwon da yake ji, ni ma ina jin sa. Amma na san ɗakunan bayan kasuwa, na san kwatar da ke bin ƙofarsu, na kuma san yadda labari yake komawa in mutum ya tashi: nan da shekara za a ce ai Mai Haɗi korarsa aka yi a kan maganar taki. Na gaya masa haka. Na ce wanda ya yi abin kunya shi ke tashi.

Ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. “To gobe da wane ido zan kalle su?”

“Da naka,” na ce. “Su ne za su nemi inda za su ajiye nasu.”

Na durƙusa na kwance igiyar, na shimfiɗa katifar a inda take, na sauke ƙaramin daga bayana na kwantar da shi a tsakiya. ’Yata ta hau ta kwanta kusa da ƙaninta. Na bar shi da su, na ɗauki kwandon tukwane na fita hura wuta. Ban taɓa ganin wanda ya naɗe katifa da yara a kai ba.